Kan Sarki Mai Kububuwa

Ghali yana tsugune a wani ɗakin ɗinki a Xintang, can ƙasar Sin, ya juya ƙafar wandon jins yana duba ɗinkin ciki, sai wayarsa ta yi ƙara. Yayansa Babayo ne daga Kano. Kekunan ɗinki suna ta ruri, sai da ya toshe kunne ɗaya da yatsa kafin ya ji muryarsa.

"Ghali, kana ina yanzu?"

"Ina wurin aiki, Yaya. Lafiya dai?"

"To, sai haƙuri. Ma'u ce. Allah ya karɓi abarsa."

Babayo ya ci gaba. Najiba, matar Ghali, ta tafi da yaran ƙauyensu can gabas da Gombe, wajen sunan ƙanwarta. Da magariba Asma'u, babbar 'yar Ghali, ta zaga bayan rumbun kakarta, Inna Sabuwa, za ta ɗebo kara, kububuwa ta sare ta a idon sawu. An yi ruwa, rafi ya cika ya raba ƙauyen da titi, mota ba ta iya ƙetarewa ba sai da gari ya waye. Kafin su isa inda ake samun allurar sarar maciji, jini ya riga ya fara fita ta hancinta da dasashinta. An mayar da ita ƙauyen, can aka yi mata sutura.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Yaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya kashe wayar ya mayar aljihu. Matar da ke da wurin tana tsaye a kansa tana jira, ta ce, "Lawban, oke?" Lawban shi ne maigida a bakinsu, haka suke kiran duk mai saye. Ghali ya dubi wandon da ke hannunsa. Ɗinkin aljihun baya ya karkace. Ya nuna mata da yatsa, ta karɓa ta jefa gefe, ya jawo na gaba. Sai da ya gama duba buhun nan kakaf sannan ya miƙe ya nemi motar komawa gari.

Ya yi shekaru a Guangzhou yana wakiltar 'yan Kantin Kwari. Su turo masa abin da suke so, shi ya shiga kasuwar Canaan ko ya tafi masana'anta, ya saya, ya duba, ya tsaya a loda a kwantena. Ɗaki ɗaya suke zaune a unguwar Sanyuanli shi da Kallamu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen jakunkunan mata a Shiling. Kallamu ne ya sanar da mutane. Washegari ɗakin ya cika da masu ta'aziyya, takalma har bakin matakala. Ana addu'a ana shafawa, Ghali yana cewa amin, yana cewa an gode, idonsa a kan shuɗin jins da ya maƙale a ƙarƙashin farcensa. Yana ta jiran kukan ya zo. Bai zo ba.

Shekarar ce ta wasannin Olamfik a Sin. Tun bazara aka tsaurara biza, 'yan sanda suna tare baƙaƙe a bakin kasuwa suna tambayar fasfo, kuma kowa ya san wanda ya fita ba lallai ya samu dawowa ba sai bayan wasa, in ma ya samu. Kayan mutane da yawa suna hannun Ghali, wasu a masana'anta, wasu a sito. Masu ta'aziyya suka rabu biyu, wasu na cewa ya tafi, wasu na cewa ai an riga an rufe ta, tafiyarsa ba za ta tashe ta ba. Shi bai zaɓi ko ɗaya ba. Gari ya waye, ya saka takalmi ya tafi Canaan kamar kullum, zaman ya zama shi ne hukuncin.

Da ya samu Najiba a waya, ta buɗe baki da sunan da ta saba kiransa, "Abban Ma'u," sai ta yi shiru. Ya ji numfashinta, ya ji kukan ƙaramarsu Lauratu daga nesa.

"Yaushe za ka zo?"

"Kayan mutane ne a hannuna, Najiba. Amana ce."

"To."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Daga nan hirarsu ta koma haka. Lafiya, lafiya lau, ya Lauratu, tana nan. Wani lokaci katin waya ya ƙare suna shiru.

Wata ranar Lahadi ya fito ba da niyyar zuwa ko'ina ba. Ya hau bas ya sauka inda bai sani ba, ya yi ta tafiya cikin tsohon gari har hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ya fake a wani bene mai ƙananan shaguna a jere, masu sayar da tsofaffin kwabbai da butocin shayi da hotunan mutanen da. A can ƙurya akwai wani tsoho mai tabarau, zaune bayan teburin gilashi, yana ɗaukar wani ɗan abu da hantsaki yana saka shi a leda. Kan sarki yake sayarwa, irin wanda ake mannawa a ambulan, na ƙasashe iri-iri. Ghali ya tsaya yana kallo don babu abin yi. A ƙarƙashin gilashin, kusa da gwiwar hannun tsohon, ya ga wani mai hoton maciji ya naɗe, ya ɗaga kai.

A nan ne ya tuna bai taɓa ganin kububuwa ba. Shi ɗan Fagge ne, cikin kwalta da kwata ya girma. Sunanta kawai ya sani. Abin da ya kashe 'yarsa, ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba.

Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Tsohon ya ɗago, ya ciro kan sarkin ya ɗora a tafin hannunsa. Na Sin ne, na shekarar maciji a lissafinsu, an zana shi da furanni a jiki kamar atamfa. Ghali ya girgiza kai. Ya haɗa ɗan Turancinsa da nuni, ya ce na Afirka yake so, ƙarami, launin ƙasa. Tsohon ya ce, "Meyo," wato babu. Amma ya ɗaga yatsa alamar a jira shi, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo kwalin takalmi cike da ledoji.

Sunansa Lao Mai. Daga ranar, duk Lahadi Ghali yana wurinsa. Lao Mai ya zuba masa shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ya ture masa kwali da hantsaki da gilashin ƙara girma, kowa ya kama gabansa. Ghali ya samu gamsheƙa ta buɗe wuya a kan sarkin wata ƙasar Asiya. Ya samu kasa mai faɗin kai. Ya samu mesa a wani tsohon na Nijeriya, da tambarin gidan waya ya bi ta kan idonta, ya daɗe yana kallonsa. Da macizan suka yi ƙaranci sai ya shiga ɗaukar danginsu, kada da damo da guza da hawainiya, har kunkuru. Lao Mai ya sayar masa da kundi mai baƙin bango, ya koya masa yadda ake zura su a layi ba a taɓa haƙoran gefensu da hannu ba.

Ba daɗi yake ji ba, ba kuma zafi ba. In ya ɗora gilashin a kan ɓawon maciji yana bin zanen ɗaya bayan ɗaya, kansa yakan yi fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Abin da ke kai shi ke nan.

Wata Lahadi Lao Mai ya ɗauko wani kwali daban, na gwangwanin biskit, ya buɗe da kansa. Waɗannan babu maciji ko ɗaya. Tsuntsaye ne da furanni, da duwatsu a bakin teku, da tsofaffin gine-gine cikin ciyawa shar, kowanne an rubuta ÉIRE a gefensa. Yawancinsu ma ba a ɓamɓare su daga takardar da aka yago ba. Tsohon ya ciro hoto daga aljihun rigarsa, wata budurwa cikin rigar sanyi tana dariya a kan gada. Ya nuna ta, ya dafa ƙirjinsa. 'Yarsa ce, can take karatu, daga saƙonninta ya tara su.

"Ai-ar-lan," in ji shi. Ya lanƙwasa hannu kamar tafiyar maciji, sannan ya share iska da tafinsa. "Meyo. Meyo."

Ghali ya ɗauka bai fahimta ba ne. Ya nuna macijin da ke kundinsa, ya nuna gwangwanin, ya ɗaga gira. Tsohon ya sake girgiza kai da ƙarfi yana dariya. Ƙasa guda, babu maciji a cikinta.

Ghali ya zaɓi wani mai ɗan tsuntsu ja a ƙirji, da wani mai gidan dutse da tumaki. Lao Mai ya yi jim kafin ya yarda ya sayar, don waɗannan ba na sayarwa ba ne. Tun daga nan kundin ya rabu biyu, macizai daga gaba, ƙasar Ailan daga baya, fararen shafuka a tsakani.

Kallamu bai san da kundin ba sai ranar da ya ɗaga katifar Ghali yana neman cajar waya. Ghali ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da shi zaune a bakin gado, kundin a buɗe a cinyarsa.

"Ghali, mi ne ne wanga?"

"Kan sarki ne, Baba Kallamu."

"Na ga kan sarki ne, ba makaho nike ba. Ɗiyarka maciji ya kashe, kai kuma ka tara macizzai ƙarƙashin kanka kana kwana bisa su? Lahiyarka ƙalau?"

"Lafiyata ƙalau."

"Ka yi kuka tun da abin ga ya faru?"

Ghali ya rataye hularsa a ƙusa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Can ya ce, "Baba, kai ka taɓa ganin kububuwa?"

Kallamu ya dube shi ya daɗe. Ya sauke murya. "Na gani. Gonarmu cike take da su."

"Akwai ta a ciki?"

Dattijon ya koma farkon kundin, yana buɗewa a hankali da yatsa mai kauri. Ya wuce gamsheƙa, ya wuce mesa, ya tsaya a kan wani na wata ƙasar Larabawa, maciji ya naɗe a kan yashi, da ɗigo-ɗigo fari a gadon baya. "Wagga ta yi kama da ita. In ta husata, jikinta take gogawa, ka ji shuuu kamar an zuba ruwa cikin mai mai zahi." Ya rufe kundin ya miƙa masa. "Ka gan ta. To sai mi? Ka tai gida, Ghali. Kayan mutane ni ina nan. Matarka ita ɗai ta ɗauki abin ga."

"Zan tafi."

"Yaushe?"

"In an gama lodi."

Kallamu ya yi tsaki a hankali, ya ɗauki butarsa ya fita.

Aka buɗe wasa a watan Agusta. Kowane shago da talabijin a kunne, masu sayar da kaya sun juya wa ƙofa baya suna ihu in an ɗaga tutarsu. Canaan ta yi shiru, rabin baƙin da ke cika ta ba su samu shigowa ba. Ghali yana wucewa ta gaban talabijin ɗin nan kamar yadda yake wuce bango.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, ya tarar da budurwar cikin hoton zaune a kujerar da ya saba zama. Ta zo hutu. Ta miƙe ta ba shi wuri, ta gaishe shi da Turanci mai sauri, ta ce sunanta Wanying, babanta ya ba ta labarinsa, mutumin Afirka mai macizai. Lao Mai yana ta murmushi, ya zuba shayi kofi uku. Ya yi mata wata doguwar magana da yarensu yana nuna Ghali da haɓa.

"Babana ya ce tun tuni yake son ya tambaye ka, amma ba shi da bakin tambaya," in ji ta. "Wai me ya sa macizai? Ko a shekarar maciji aka haife ka?"

"A'a," in ji Ghali. "Maciji ne ya sari 'yata ta mutu. Farkon damina. Shekararta tara."

Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa. Ya ji maganar ta fita sumul, kamar yana faɗin lambar kwantena. Wanying ta rufe baki da hannu. Ta juya ta faɗa wa uban a gajarce. Lao Mai ya cire tabaransa ya ajiye a kan gilashi. Sai ya miƙa hannu ya jawo kwalin takalmin da ya riga ya tura gaban Ghali, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur.

Wanying ta ce, "Ya ce da ya sani da bai yi ta nemo maka su ba. Har wajen abokansa yake zuwa ya karɓo, yana murna."

"Ki ce masa ba komai. Ni na tambaya." Ghali ya juya kofin shayin a hannunsa. "Da gaske ne babu maciji a can inda kike?"

"Da gaske ne. Sai wanda aka ajiye a gidan kallon dabbobi. Ɗan ƙadangare kawai suke da shi, shi ma ban taɓa ganinsa ba. Suna da labarin wani waliyyinsu da ya kore su cikin teku, amma malamai sun ce tun asali ba su taɓa isa tsibirin ba."

"Yara suna fita bayan gida da magariba, ba takalmi?"

"Da sanyi. Amma in sun so, suna fita."

"To me yake kashe yara a can?"

Ta dubi babanta, ta dawo da ido kansa. "Mota. Ciwo. Wani lokaci teku."

Ghali ya gyaɗa kai. Ya shanye shayin. Da zai tashi, Lao Mai ya buɗe gwangwanin biskit ya daɗe yana tonawa da hantsaki, ya ciro wani mai ɗan ƙadangare a kan dutse, ya saka a leda ya tura masa. Ghali ya kai hannu aljihu, tsohon ya ɗaga tafi ya hana shi. Ghali ya ce shiye-shiye, wato na gode, ya fito. Bai sake komawa benen ba, ba don fushi ba. Lahadi ta zo ya ga ba shi da abin da zai je nema.

Ƙarshe ba shi ya yanke ranar tafiya ba. Bizarsa ta zo ƙarewa, ya kai fasfo a sabunta, aka dawo masa da shi da wa'adin fita. Ya zaga da Kallamu Xintang da sito, ya haɗa shi da masu ɗinki, ya nuna masa kayan kowa. Kallamu ya raka shi filin jirgi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ka gaida Najiba. Ka ce mata Baba Kallamu na yi mata gaisuwa." Ghali ya ce za ta ji.

Ya sauka Kano an shiga azumi. Babayo ya ɗauko shi. A gida ya tarar da Najiba ta rame, wuyanta ya fito. Ta ce sannu da zuwa, ta karɓi jakar hannunsa, ba ta kira shi da kowane suna ba. Lauratu ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙensa. Maƙwabta suka yi ta shigowa sabuwar ta'aziyya, yana cewa amin, yana cewa an gode. An shirya bayan sallah za su je ƙauye ya ga kabarin.

Kwana biyu da dawowarsa, da yamma, yana zaune a falo, Najiba tana kwashe kayan akwatinsa a ɗaki. Ya ji motsinta ya tsaya. Ya san abin da ta tarar. Ya yi niyyar tashi, jikinsa bai bi shi ba. Can sai ga ta ta fito da kundin, ta zauna a ɗaya gefen kujerar, ta buɗe shi a cinyarta. Tana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"A can ka tara waɗannan?"

"Eh."

"Don me?"

"Ban taɓa ganinta ba. Ina so in san kamanninta."

Ya matso ya nuna mata wanda Kallamu ya nuna masa, mai naɗe a kan yashi. Ta kai shi kusa da idonta, ta karkata shi wajen hasken taga.

"Ta yi kama," in ji ta. "Amma waccan ba ta kai wannan kyau ba. Kawu Tankari ne ya kashe ta da fartanya, ya kawo ta tsakar gida a kan kara. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi damtsena tsawo ba. Na yi ta kallonta ina cewa wannan ɗin? Ma'u kuwa a lokacin tana zaune a tabarma tana magana. Har cewa ta yi kada a gaya maka, za ka yi faɗa ta fita ba takalmi."

Ghali ya dubi bango. Ya ji wani abu ya motsa can ƙasan ƙirjinsa, ya tsaya bai hau ba.

"Me kuma ta ce?"

"Da yawa. Dare guda muka yi." Najiba ta buɗe fararen shafukan har ta kai na baya, ta tsaya a kan gidan dutse da tumaki. "Waɗannan fa?"

"Wata ƙasa ce. Sanyi gare ta."

Ta kalle su kaɗan, ta rufe kundin ta ɗora a hannun kujera. Daga kicin ƙaurin ƙosai ya fara tasowa, ta miƙe da sauri. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"In an sha ruwa zan faɗa maka sauran, in kana so."

"Ina so."

Lauratu ta rarrafo kan kujerar ta kai hannu za ta ja kundin. Ya ɗauke shi ya ɗora a saman kabad, ya ɗauki yarinyar ya zaunar a cinyarsa. Ta yi ta ƙoƙarin zamewa, shi kuma ya riƙe ta, suna jiran a kira salla.